Inna Ta Riga Ni Yin Allura

Surukata ba mai yawan magana ba ce. Inna muke ce mata, ni da ɗanta da duk yaran unguwa. Asalinta 'yar ruga ce, a bayan shanu ta tashi, aure ne ya zaunar da ita a wani ƙauye da ke kan hanyar Guri, inda fadama ta zagaye gari ta ko'ina. Ni kuwa 'yar cikin garin Haɗeja ce, a gidanmu kowa bakinsa a buɗe yake tun safe. Da aka kawo ni gidanta na daɗe ina zaton ba ta so na, saboda shirunta. Sai daga baya na lura cewa duk ranar da na tashi ba na jin daɗi, ban faɗa wa kowa ba, zan tarar da ƙwaryar fura a rufe a bakin ƙofata, nonon ya fi na kullum kauri.

Maigidana shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa. In za ta yi mini maganarsa sai ta ce “mutumin naki”. Manomi ne, shinkafa da damina, tattasai da albasa da rani. Allah ya ba mu 'ya mace tun a farkon aure. Ciki na biyu kuma ya zube bayan har ya fara motsi. A wannan lokacin Inna ce ta yi mini komai, ta wanke abin da za a wanke, ta dafa ruwa, ta zauna a gefen katifata tana tsinke zogale. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba ko sau ɗaya, amma ba ta tashi daga wurin ba sai da na fara cin abinci.

Korona a ƙauyenmu kusan labarin rediyo ce. Maza a majalisa suna cewa ciwon masu hawa jirgin sama ne, ba ruwansa da mai shiga taɓo. Ni dai ban iya yin wannan dariyar ba, domin yayata da ke aure a Kano ta kamu da ita tana da tsohon ciki. An kwantar da ita a asibiti, an sa mata abin ƙarin iska a hanci, ɗan kuma ya zo bakwaini. Dukansu sun rayu, alhamdu lillahi. Amma na ji muryarta a waya a kwanakin, tana faɗar kalma ɗaya tana hutawa kafin ta kamo ta biyu. Mace mai surutu kamar yayata ta kasa ƙarasa gaisuwa. Wannan muryar ta zauna mini a kunne.

Na sake samun ciki ana cikin sanyin hunturu, a lokacin da allurar riga-kafin korona ta riga ta shigo har ƙananan asibitoci. Ina zuwa awo a garin da ke gaba da namu. Malamar da ke duba mu doguwa ce, baƙa, mai saurin hannu, ba ta cika tsawa ba. Ran nan bayan ta auna ni ta ji bugun zuciyar ɗan, ta yi mini allurar da aka saba yi wa masu ciki, sai ta ce, “An yi miki ta korona?”

Na ce, “Malama, ai ciki gare ni.”

Ta ce, “Shi ya sa nake tambaya. Mai ciki in ta kamu, ciwon ya fi ba ta wuya, musamman in cikin ya tsufa ya danne mata numfashi. Wani lokacin har ya jawo haihuwa kafin lokaci. Allurar tana rage miki wannan haɗarin, kuma ɗan ma yana samun wani abu daga kariyar da jikinki ya yi. Ba dole ba ne. Ki je ki yi shawara da mutanen gida.”

Ban gaya mata labarin yayata ba, ban kuma gaya mata na ɓarin da na yi ba, ko da yake na biyun yana cikin katina. Na dawo gida a bayan babur ina jin tsoro biyu suna ja na. In na ƙi, muryar yayata. In na yarda, me zan ce wa kaina idan wannan ma ya zube?

Da yamma maigidana ya dawo daga lambu, na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, na faɗa masa. Inna tana can gefe tana ba awakinta dusa. Ya ciro wayarsa ya kunna mini wani saƙon murya da abokinsa ya turo masa. Wani mutum ne da ba mu san ko wane ne ba, yana rantsuwa cewa allurar tana hana haihuwa, tana zubar da ciki, kuma duk wanda aka yi wa, in ka ɗora masa cokali a dantse zai manne. Da ya ƙare ya kashe wayar ya ce, “Ni ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ba na son abin da ya same mu ya sake samun mu. Amma in kin ga ki yi, ba zan hana ki ba.”

Na san ba gudun nauyi yake yi ba. Shi ne ya haƙa ramin da aka sa wancan ɗan, da hannunsa, ya hana kowa taya shi.

Inna ta gama ba awakinta dusa. Ta kakkaɓe kwanon dusa ta shiga ɗakinta.

Ranar kasuwar garin da asibitin yake, ta ɗaura zanenta na fita ta ce za ta je sayen kanwa da kimba. Ta daɗe ba ta dawo ba, har na fara leƙa hanya. Da ta dawo ta ajiye ƙullin kanwa ta yi alwala ta yi sallah, ba wani labari. Washegari da safe na fito na same ta zaune gaban ƙwarya tana dama fura, amma ƙwaryar a tsakanin gwiwoyinta take, ta matse ta da ƙafa, hannun hagunta kuwa yana kwance a cinya kamar ba nata ba. Inna da ke ɗaukar tulu da hannu ɗaya.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, me ya sami hannun?”

Ta ce, “Kwanciya na yi a kansa.”

Na ce, “Bari in shafa miki man zafi.”

Ta ce a'a. Na matsa dai na ɗaga mayafinta, sai na ji jikinta da ɗumi, na kuma ga wurin ya ɗan tasa a dantse, da ɗigon jini busasshe ƙanƙani. Na tsaya ina kallonta. Ita kuma ta ci gaba da juya ludayi.

Can ta ce, “To kin gani. Na so in bari sai ya warke tukuna in gaya miki, don kada ciwon hannun ya tsorata ki. Malamar ta ce zai yi tsami, wataƙila da ɗan zazzaɓi, daga nan ya wuce. Ga shi kuwa yana yi kamar yadda ta faɗa.”

Na ce, “Inna, don me?”

Ta ce, “Abin da za a sa wa jikin da ke ɗauke da jikana, ai sai na fara jin yadda yake.”

Idona ya ciko, amma sai dariya ta riga hawayen fitowa. Na ce, “Inna, ai ke ba ki da ciki.”

Ta ajiye ludayin ta yi dariya har sai da ta dafe hannun mai ciwo. Ban taɓa ganin haƙoranta duka ba sai ran nan. Ta ce, “Haka malamar ma ta ce mini. Na ce mata wannan kam ba yadda zan yi.”

Daga nan ta ba ni labarin, a hankali, irin nata. Ta ce da ta isa asibitin ta zauna a benci sai da mata masu awo suka ragu, sannan ta shiga ta ce ita ce surukar wance ta ƙauye kaza, ta zo a fara yi mata. Bayan an yi mata ta tambayi malamar ko ta san wata mai ciki da aka yi wa kuma ta haihu lafiya, ba labari ba, wadda za a nuna mata da ido. Malamar ta ce, “Ga ni.” Ashe ita kanta da ciki aka yi mata, ɗan kuma yana nan bayan asibitin a gindin dalbejiya, wajen gwaggonta da ke riƙe mata shi in tana aiki.

Inna ta ce, “Na ce a kai ni in gan shi. Na karɓe shi na ɗaga na ji nauyinsa. Na duba idonsa, na duba tafin ƙafarsa, na tafa hannu a bayan kunnensa ya juyo. Ya kama mini ɗankunne ya ƙi saki. Yaro ne sosai.”

Na ce, “Malamar ba ta ji haushi ba?”

Ta ce, “Dariya ta yi ta yi. Ta ce ɗanta ɗaya ba zai zama hujja ba, sai dai mata da yawa a wurare da yawa an yi musu sun haihu lafiya, shi ya sa ake ba da shawarar. Na ce mata ni waɗannan ban gan su ba, wannan na gani.”

Ta zuba mini fura a kofi. Sannan ta ce lokacin tana budurwa an yi wata annobar shanu, bushiya, masu allura suka riƙa bin rugage. Mahaifinta ya fito da nasa aka yi musu, yana tsaye yana hawaye don tsoro. Ƙaninsa kuma ya kora nasa cikin daji ya ɓoye su, shi ma don tsoro. Ta ce, “Duka biyun son shanunsu suke yi. Amma baffana da sanda kawai ya dawo.” Ba ta ƙara komai a kai ba, ba ta kuma ce mini in je ba.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa, don a ƙauye ba a ɓoye hannu mai ciwo. Mata suka riƙa shigowa sannu, kowa idonta a kan dantsen Inna. Wata maƙwabciyarmu, tsohuwa mai sayar da bandar kifi, ta kasa haƙuri ta ce ita fa ta ji an ce ƙarfe yana mannewa. Inna ta ce mini, “Ɗauko cokali.” Na ɗauko. Ta ɗora a wurin, ya zame ya faɗi ƙasa. Ta ce in ɗauko babba. Shi ma ya faɗi. Mai kifi ta ce wataƙila sai an gwada da wuƙa, Inna ta ce, “Wannan kuma sai a hannunki.” Aka yi ta dariya, maigidana yana zaure yana ji, ya rasa ta inda zai shigo.

Da zazzaɓin Inna ya sauka hannun ya saki, na ce wa maigidana na yanke shawara zan je. Ya ce shi zai kai ni. Muka hau babur. Mun bi ta gefen kogi inda ciyawar kacalla ta cinye rabin ruwa, masunta suna ta fama da ita da lauje. Da muka isa na shiga, malamar ta gan ni ta yi murmushi ta ce, “Ina mai duba mini yaro?” Ta sake yi mini bayani, ta tambaye ni ko ina da zazzaɓi ko wani ciwo, ta ce in na ga jini ko na ji ciwon mara ko wani abin da ban gane ba in dawo nan da nan, kada in tsaya jira. Na yi bisimilla na miƙa hannu. Kafin in gama addu'ar da na fara har ta cire.

Da na fito ban ga maigidana a gindin bishiyar da na bar shi ba. Jim kaɗan sai ga shi ya fito ta ɗaya ƙofar yana sauke hannun riga, yana kallon wani wajen. Na ce, “Malam, ina ka shiga?” Ya ce, “Tsohuwa ta yi, mai ciki ta yi. Da wane ido zan zauna a gidan?”

Washegari jikina ya yi nauyi, kaina yana sarawa. Wannan ban damu da shi ba, an riga an gaya mini. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tun hantsi ban ji motsin ɗan ba. Na kwanta ta dama, na juya ta hagu, shiru. Irin shirun da na sani. Na kasa kiran kowa, sai na zauna a bakin gado na riƙe cikina da hannu biyu.

Inna ta leƙo ta gan ni. Ba ta tambaye ni ba. Ta fita ta dawo da ruwan randa mai sanyi da ɗan dabino, ta ce in sha in ci. Ta aika a kira mutumin nawa daga lambu da babur. Sannan ta zauna a ƙasa ta ɗora tafinta a kan cikina, bakinta yana motsi. Ba ta ɗauke idonta daga kan cikin ba. A ranar na san cewa ita ma tsoron tana da shi tun farko, kuma in wani abu ya faru, kanta za ta ɗora wa.

Muna nan zaune sai na ji an shure ni ta ƙarƙashin haƙarƙari, shuri mai kyau, har tafin Inna ya ɗaga. Ta ce, “Ɗan banza, barci yake yi.” Ta juya baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyara shi.

Na ce to ba sai mun je asibiti ba. Ta ce, “Malamar cewa ta yi in kin ji abin da ba ki gane ba ki koma. Tashi.” Muka je. Malamar ta ɗora abin sauraro, ta saurara, ta ce lafiya lau, kuma mun kyauta da muka zo. Inna ta ce a ba ta ita ma ta ji. Aka sa mata a kunne. Ta saurara da kyau sannan ta ce, “Kamar gudun ɗan maraƙi.” Da lokacin allura ta biyu ya yi, tare muka je mu uku, mai kifi ta biyo mu wai rakiya, ta dawo da auduga a dantse.

Daminar shekarar ta zo da ruwa mai yawa. Kogi ya cika ya tumbatsa, maza suka koma kwana a bakin jingar da ke tare ruwa suna jera buhunan ƙasa. Shinkafar maigidana da ke kwari ta nutse, ana hango kan ganyenta kawai. Da hanyar mota ta fara yankewa, Inna ta ce ba za a jira naƙuda ta same ni a tsakiyar ruwa ba, a kai ni gidanmu a cikin gari inda babban asibiti yake kusa. Aka sa ni a kwalekwale da ni da 'yata da ita, da buhun gero da tukunyarta ta wankan jego, wadda ta ce ba ta yarda da tukwanen birni ba. Mun bi ta kan gonakin mutane, mai tuƙi yana nuna mana da gora, nan ta wane ce, nan ta wane. Tsuntsayen ruwa farare sun cika kan bishiyoyin da suka rage a tsaye. Inna ta riƙe gefen jirgin da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana bayana har muka sauka.

A gidanmu aka ba ta ɗaki ɗaya da mahaifiyata. Mun yi zaton zaman zai yi wuya, mai surutu da mai shiru, sai ga shi sun shaƙu. Mahaifiyata tana zuba, Inna tana cewa “uhm” a inda ya dace, kowa ta samu abin da take so.

Na haihu da hantsi, ranar wata Laraba, a asibiti. Namiji ne, cikakken wata tara, mai ƙarar murya. Ungozomar ta ɗora mini shi a ƙirji tun jikinsa da danshi, ta ce in ba shi nonon farko kada in matse in zubar. Da aka fito da shi, mahaifiyata ta yi guɗa a barandar asibiti har aka zo aka ce ta rage. Inna kuwa, an gaya mini, ta karɓe shi ta juya fuskarta bango, ba wanda ya ga abin da ta yi.

A kan jego sun ɗan yi gardama. Inna tana son ruwan wanka ya tafasa sosai, ungozoma ta ce a sirka kada a ƙona ni, kunun kanwa kuma a rage masa kanwa. Mahaifiyata ta goyi bayan ungozoma. Inna ta saurara, ta sirka ruwan, amma kullum sai ta tsoma gwiwar hannu ta girgiza kai ta ce wannan ai wankan agwagwa ne. Cibiya ma ta so ta gasa da tsumma, aka ba ta maganin shafawa na asibiti, ta karɓa ta riƙa shafawa da kanta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

Muna cikin jegon wata mura mai zafi ta ratsa gidan. Mahaifina ya kwanta, ya ce ba ya jin ƙanshin komai, ko na miyar kuka. Ƙannena biyu ma suka kwanta. Ba wanda aka gwada, don haka ba zan ce korona ce ba, ba zan kuma ce ba ita ba ce. Ni na yi atishawa da ɗan tari, na ɗaura takunkumi ina ba da nono kamar yadda aka ce mini. Inna ta kafa kujera a ƙofar ɗakina, duk mai tari da ya zo barka sai ta ce ya yi daga nan, ana ji. Har limamin unguwa ta tsayar a tsakar gida, ya yi addu'arsa daga can. Jaririn bai yi ko ɗumin jiki ba. Mahaifina ya warware a hankali, ranar da ya ce a rage daddawa a miya muka san ya dawo.

Yayata ta zo suna daga Kano da ɗanta bakwainin, ya yi wayo yana tafiya yana jan zanen kowa. Muryarta ta dawo daram, ita ta hana kowa magana a wurin.

Bayan arba'in ruwa ya janye muka koma ƙauye, wannan karon a mota, ko da yake sai da muka sauka a wani wuri aka tura ta. Katangar bayan gidanmu ta faɗi, ɗakin awaki ya rushe, amma ɗakunan kwana suna nan. Maigidana ya rame, ya yi baƙi. Shinkafar kwari ta tafi, ta tudu ce ta ba da ɗan abin da za a ci. Ya riga ya fara yayyafa irin tattasai a inda ruwa ya bar laka, ya ce ƙasar bana ko taki ba ta so. Ya karɓi ɗansa a zaure ya rasa yadda zai riƙe shi, don hannunsa duk taɓo ne, sai ya miƙe dantse biyu na ɗora masa a kai.

Yaron yanzu ya isa shiga makarantar allo, kuma ba ya kwana ko'ina sai ɗakin kakarsa. Idonta ya fara rauni, shi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Da safe in na fito nakan same su a bakin turke, ita tana tatsar akuya, shi ya riƙe wa akuyar kunne yana ba ta labarin da ba shi da kai, yana tsayawa yana tambaya ko tana ji. Ita kuwa tana cewa tana ji, ya ci gaba.